Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren da Olsar Malam Ta Ɓule

Makon jiya na tsaya a inda muka bar gidan surukaina na Birni muka kama haya a Garin Malam, daidai lokacin da aikin gini ya fara buɗe wa maigidana. Yau zan ba ku labarin ciwon da ya kusa sa ni takaba da goyo a bayana.

Tun kafin aurenmu Malam yana fama da ciki. Kowa a gidansu ya sani, har an daina lissafa abin a cikin cututtuka. Zafi ne a ƙahon zuci, yakan tashe shi tsakar dare, in ya ɗan ci wani abu sai ya lafa. Ga gyatsa mai tsami, ga ƙwannafi. Inna, mahaifiyarsa, takan ce, "Olsarsa ce ta motsa," ta jiƙa masa kanwa. Ya sha, ya yi gyatsa, ya koma barci. Haka na tarar, haka na ci gaba da yi.

Da aiki ya yawaita, sai ciwon baya da na gwiwa suka shigo. Mai ɗaukar bulo da siminti tun safe har la'asar dole jikinsa ya yi tsami. A bakin Kasuwar Dole da kowace tasha akwai masu tallar magani a kan tire, da ƴan daloli za su ƙirgo maka abin da suke kira ƙwayar ciwon jiki. Malam ya mayar da ita abokiyar shayinsa. Daga baya na san sunayensu: diclofenac da ibuprofen, wani lokaci har da aspirin.

Azumi ya zo mana cikin tsananin zafi, kuma ya samu aikin zuba kankare a wani bene. Kullum da sahur sai ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya wuni ciki babu komai. Wani dare, bayan ya dawo daga asham, yana zaune a kan tabarma sai na ji ya yi ƙara. Ban taɓa jin wannan murya a bakinsa ba.

"An soke ni! Wallahi an soke ni!"

Na tarar da shi kwance, ya naɗe ƙafafu, gumi yana zuba. Ba ya birgima irin ta mai murɗar ciki. Ko motsi ba ya so, numfashi ma sama-sama yake yi. Na taɓa cikin, na ji ya ƙage ya yi tauri. Can kuma ya ce kafaɗarsa ta dama tana ciwo, abin da ya ƙara rikita ni, don me ya haɗa ciki da kafaɗa?

Na aika aka ɗauko Inna. Kafin ta iso gida ya cika, kowa da tasa shawarar: wannan ya ce kanwa, wancan ya ce madara, wata ta ce sammu ne. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ciwon ya ɗan sassauta, Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ya faɗa. A bari gari ya waye, ƴar nan." Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Shekaru tana ganin ciwon yana zuwa yana tafiya.

Allah ya sa maƙwabcinmu tsohon malamin asibiti ne, Baba muke ce masa. Ya shigo, ya danna cikin a hankali, ya saki, Malam ya zabura. Sai ya dube ni ya ce, "Ƴata, kada a ba shi ko kurɓin ruwa. Wannan sauƙin na yaudara ne. Yanzu za mu tafi, ba da safe ba." Shi ya buga wa mai mota ƙofa.

A babban asibitin Damagaram aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura masa roba ta hanci, aka ɗauki hoton ƙirjinsa yana tsaye, mutum biyu suna riƙe da shi. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini wani baƙin layi mai lanƙwasa a ƙarƙashin huhu. Ya ce iska ce, kuma babu abin da ya kai iska wurin sai rami. Gyambon ciki, wato olsar, ya ci bangon farkon ƙaramin hanji har ya huda, ruwan ciki da abin da ya ci duk suna tsiyaya cikin kogon ciki. Wannan iskar da ruwan su ne suke taɓa jijiyar da ke kai ciwo kafaɗa. Ya ce kowace awa ta jinkiri tana ƙara haɗari, domin bayan ƙunar asid ruɓa ce take biyowa.

Kuɗin magani da kayan aiki, tunkiyata da ƴan kunnena na aure suka tafi, Kawunsa ya cika sauran. Kafin sallar asuba an shiga da shi. An wanke cikin, an ɗinke ramin, an liƙa masa wani yanki na mayafin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji. Duk macen da ta taɓa gyaran kayan cikin rago ranar Layya ta san shi.

A zaman jinya na fahimci abin da ya same mu, kuma shi ne dalilin da ya sa na tsawaita wannan kashi. Cikin mutum yana fitar da ruwan narkar da abinci wajen lita 1 da rabi zuwa 2 a kowace rana, kuma a cikinsa akwai asid mai ƙarfin gaske. Abin da ya hana shi cin naman cikin shi ne wata majina mai kauri da Allah ya shafe bangon da ita. Ƙwayoyin ciwon jikin nan suna rage wannan kariya. Wato maganin da Malam yake sha don ya iya tsayuwa a wurin aiki, shi ne yake buɗe wa asid hanya. Har yau in na ga magini ko ɗan dako yana sayen su a kan tire, gabana sai ya faɗi.

Abu na biyu ya fi ba ni mamaki. Likita ya ce yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce take haddasa shi, sunanta Helicobacter pylori. Tana shiga tun mutum yana yaro, ta ruwa ko abinci ko yawu, ta zauna shekara da shekaru. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, ko da yake ba kowa take yi wa gyambo ba. Ƙanena da ke karatun aikin jinya ya ƙara mini bayani: likitoci biyu ƴan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kuma ƙwayar cutar tana da magani: mai rage asid irin su omeprazole, haɗe da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, kwana 10 zuwa 14. Da na ji haka sai da na yi kuka. Duk shekarun nan na kanwa da tashin dare, ashe ciwo ne da ake rabuwa da shi cikin mako biyu.

Na tambayi likita batun barkono da shayi da goro. Ya ce ba su suke haƙa gyambon ba, sai dai suna tsokanar wanda yake akwai, taba kuma tana hana shi warkewa. Kanwa tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, gyambon yana nan yana ci. Azumi ma ba shi ya kawo ciwon ba, amma mai gyambo ya kamata ya ga likita kafin watan ya kama.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo daga Mirya. Nasa bai huda ba, jini ya yi ta zubarwa a ciki. Matarsa ta ce mini ya kwana biyu bayan gidansa baƙi ƙirin, mai wari, suka ɗauka wani abu ya ci, sai da ya yi aman jini ya faɗi. Leda biyu ta jini aka ƙara masa. Tun daga nan na riƙe waɗannan alamu: ciwon ciki mai zuwa farat ɗaya, cikin da ya ƙage, aman jini, baƙin bayan gida. Ko ƙarfe nawa ne, asibiti.

Ana saura kwana kaɗan Sallah aka sallame mu, da ɗinki daga ƙahon zuci zuwa cibiya, da gargaɗin kada ya ɗauki kaya mai nauyi sai bayan makonni. Magini kuwa da ƙarfinsa yake ci. Ga haya, ga goyo, ga bashin Kawu. Ranar da muka dawo gida na shiga wurin matar Baba na ari kaskon tuya. Yadda na fara sayar da ƙosai a bakin titi, da abin da dangin Malam suka ce da suka ji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.