Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Muka Sha Kaye a Kalifoniya

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin kakakin ɗan majalisa, na koma wata ƙungiyar kare haƙƙin masu neman jinsi ɗaya a Kalifoniya. To, daren 4 ga Nuwamba, 2008, har yau bai bar raina ba. A zauren da muka taru, talabijin ɗaya na nuna Obama ya lashe zaɓe, mutane na ta rungumar juna. Ɗayar kuma tana jero ƙuri'un Proposition 8, ƙudurin soke auren jinsi a jihar. Takarda biyu ke aljihuna. Sanarwar nasara kwana uku na yi ina gyara ta, ta faɗuwa kuwa a cikin mota na rubuta, kan gwiwata. Ita ce daga baya muka raba wa 'yan jarida. Kashi 52 cikin 100 suka ƙi mu, alhali ma'aurata kusan 18,000 sun riga sun ɗaura aure tun watan Yuni.

Na daɗe ina ɗora wa abokan hamayya laifi, ina cewa tsoro suka sayar wa mutane. Tallarsu ta yi tasiri kam: yarinya ta dawo daga makaranta tana gaya wa uwarta an koya musu ɗan sarki na iya auren ɗan sarki. Amma mu me muka ce? Magana irin ta lauyoyi. Gādo, haraji, inshorar lafiya, da tanade-tanade 1,138 na dokokin tarayya da suka shafi aure. Wannan adadi na haddace shi kamar sunana, ko ina aka miƙo min makirufo sai na faɗe shi.

Wata dattijuwa ce ta warware min, a zaman jin ra'ayin masu zaɓe, ina bayan gilashi da littafina. Aka tambaye ta me ya sa ta yi aure, ta ce so da alkawari. Aka ce masu neman jinsi ɗaya fa? Ta ɗan yi jim, ta ce, “Ai su takardu suke nema, haka suke faɗa.” Jikina ya yi sanyi, don bakina ne ta ara.

Sai da muka kwashe shekara huɗu muna sauya harshe. Muka janye ƙwararru daga gaban kyamara, muka zaunar da iyaye da kakanni su yi maganar 'ya'yansu a falonsu. A Nuwamban 2012 jihohin Maine da Maryland da Washington suka amince da auren jinsi ta akwatin zaɓe, Minnesota kuma ta yi watsi da ƙudurin haramtawa.

A Minnesota ɗin ne wani manomi ya kashe min waya sau biyu, a na uku ya kira ni da kansa. Da shi za mu fara mako mai zuwa.