Laraba, ni da Baba Sajan a teburin Sagir

Ƙarfe sha ɗaya ta gota. An ɗauke wuta tun la'asar, Maman Hanifa ta yi barci, ni kuwa ido biyu. Ba sauro ne ya hana ni ba, Baba Sajan ne.

Da safe komai lafiya lau. Masa da miyar taushe, babur kuma ya tashi bugu ɗaya, abin da rabonsa da yi tun kafin azumi. Har na riga mai ƙararrawa isa makaranta.

Ikon shugaban ƙasa muke yi da 'yan aji biyar. Na rubuta musu a allo cewa sashe na 130 na tsarin mulkin 1999 ya naɗa shi babban kwamandan askarawan ƙasa, sashe na 218 kuma ya ba shi ikon cewa ga inda za a tura soja, ga wanda zai zama hafsan hafsoshi. Sai sashe na 131, sharuɗɗan tsayawa: haifaffen ɗan ƙasa, shekara 35 (da 40 ce, a 2018 aka rage), jam'iyya ta tsayar da shi, ilimi aƙalla na sakandare. Bilkisu ta ɗaga hannu. "Malam, ke nan ko bindigar wasan sallah bai taɓa riƙewa ba, zai iya ba janar umarni?" Aji ya ɗauki dariya. Na ce ƙwarai kuwa, na wuce, don sauri nake in rufe darasin.

Bayan Isha'i na zauna wajen Sagir mai shayi. Ko kofi ba a miƙo min ba Auwalu ya tura min waya gaban hanci, wai in ga mutuminmu, ɗan takarar shugaban ƙasa, a wajen taro. Ga shi nan yana dukan ƙirji a kan maganar tsaro, murya kamar aradu, jama'a na ihu. Ni dai kun san ni da shi. Na ce kai, wannan namiji ne, ko tsayuwa kawai ya yi sai soja ya ƙame.

Ɗanladi ya ce ina! Farar hula ba ya riƙe soja, sai wanda ya sa kaki. Ya nuna ni da cokali: "Malamin makaranta irinka ne Tafawa Ɓalewa. Ga kabarinsa nan cikin gari, kai da kanka kake kai yara. Su wa suka kashe shi a Janairun 1966? Shagari ma malami ne, ranar ƙarshe ta 1983 suka ce masa sauka." Na ce to mun ji, masu kakin fa? Obasanjo janar ne, a zamaninsa soja suka ragargaza garin Odi a 1999. Buhari janar ne, ranar da aka rantsar da shi a 2015 ya ce a mayar da cibiyar yaƙi Maiduguri, muka yi ta murna, amma hakan bai hana kisan sojoji a Metele ba a 2018, bai kuma hana Zamfara zama abin da ta zama ba. 'Yar'aduwa kuwa da alli ya fara, shi ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009 suka ajiye makamai. Ɗanladi ya ce a wannan shekarar ce ai wutar Boko Haram ta tashi a nan Dutsen Tanshi, ko na manta? Ban manta ba. Wa zai manta da watan Yulin nan a Bauchi?

Muna ta kai da kawo, kowa na jefa shekaru kamar masu karta. Gaskiya daɗi nake ji, don na ga ina cin Ɗanladi.

Duk wannan Baba Sajan na ƙarshen benci, yana ta juya shayinsa da ba sukari a ciki, ban san me yake juyawa ba. Sai da muka lafa ya ce, "Malam, ka gama?"

Na ce na gama, Baba.

Ya ce shi a Laberiya, lokacin ECOMOG, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, bai taɓa sa shugaban ƙasa a ido ba, bai kuma taɓa jin muryarsa a daji ba. Abin da ƙaramin soja ke gani na shugaba shi ne takalmin ƙafarsa, harsashin da ke jakarsa, da irin mutumin da aka ɗora masa a ka. "Murya ba ta zuwa fagen daga, ɗana. Sa hannu ne ke zuwa." Sannan ya ajiye cokalin.

"Tambaya ɗaya zan yi maka a kan mutumin naka. Akwai wanda zai iya shiga ofishinsa ya ce, ranka ya daɗe, jiya an kashe mana yara talatin, kuma sakacinmu ne, ya fito da aikinsa a hannu?"

Na buɗe baki, na rufe.

Ya ce in babu, to ƙarya za a riƙa kai masa a faranti kullum safiya, shi kuma da ita zai yanke hukunci. Ya ce ba sai an jira ya hau ba, ai ya riƙe muƙami a baya, a duba. Wa ya taɓa faɗa masa gaskiya mai ɗaci, ina mutumin yake yanzu? Ya taɓa korar nasa na jiki da aka kama da cin kuɗi, ko sai bare? Ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ce na yi kuskure? Ya kawo Tudun Biri, Disambar 2023, inda jirgi mara matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi, sama da mutum 80 suka tafi. Ya ce kuskure kam ba rundunar da ba ta yi a duniya, shi abin da yake kallo shi ne washegari: wa ya amsa, wa ya yi shiru, me aka gyara.

Ya ƙara da maganar Nijar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da ECOWAS ta fara zancen tura soja, majalisar dattawa ce ta ce a bi ta sulhu. Na yi caraf na ce ai sashe na 5 ke nan, ba a kai soja yaƙi waje sai da yardarta. Ya kalle ni ya ce, "To ka gani. Mutumin naka in aka taka masa birki irin wannan, tsayawa zai yi ko ture mai birkin?" Ya ce wanda bai san ranar da ba a harbi ba, bai kamata a miƙa masa bindiga ba, balle dubbanta.

A nan na yi abin da ya hana ni barci. Haushi ya kama ni, don na san amsar ba ta yi min daɗi, Ɗanladi kuma sai murmushi yake cikin kofi. Na ce, "Baba, zamaninku daban, yanzu ƙasa mai zafin hannu take nema." Da wata irin murya na faɗa, irin wadda nake yi wa yaro in ya kawo amsa ba daidai ba. Mutumin da ya girmi mahaifina. Mutumin da har yau in sanyi ya shigo sai ya ja ƙafar hagu.

Bai ce komai ba. Ya shanye, ya miƙe, ya ce a kwana lafiya. Da na zo biya Sagir ya ce ai Baba ya biya har nawa. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A hanya na yi ta bin mutuminmu a raina, shekara da shekara, ina neman rana ɗaya da na ji ya ce na yi kuskure. Har na iso ƙofar gida ban samu ba. Na nema wa sauran 'yan takarar ma, don in huce. Su ma dai sai a hankali. Abin da ya fi cina shi ne bidiyon minti biyu ya ishe ni yanke hukunci, ni da nake rage wa yara maki in sun kawo magana ba hujja.

Goggo ta kira wajen tara da rabi. Yau kwana tara Nura bai bugo ba, ta ce wataƙila babu sabis a inda aka kai su aikin soja. Na ce haka ne Goggo, insha Allahu sabis ne. Har za ta kashe ta ce, "Wai Malam ƙarami, wa za mu dangwala wa ne? Kai ka yi boko." Jiya da ta tambaya da tuni na faɗa mata. Na ce zan shigo ranar Juma'a mu yi magana.

Hanifa na tari kaɗan. Gas ya kusa ƙarewa. Ban duba littattafan 'yan aji huɗu ba.

Gobe bayan Asuba zan tsaya a ƙofar masallaci in jira Baba Sajan, tun kafin mutane su taru. Ina kuma da 'yan aji biyar a darasi na biyu, Bilkisu na bina bashi.

An kawo wuta. Bari in sa waya a caji, ko Nura zai kira.