Wata 14 ina zuba kuɗi a tsohuwar mota saboda tambaya ɗaya da ban yi ba

Sati uku kenan da na rabu da motata, amma har yanzu in na tuna ranar da na ce wa bakanike "to shikenan a canza gaskit ɗin" sai in ji raina ya sosu. Gaskit shi ne 'yar shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ke hana ruwa da mai da hayaƙi haɗuwa. Sayarwar kam na huta wallahi, abin da ke ci na shi ne tambaya ɗaya tak da ya kamata in yi masa a wurin, ban yi ba, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Motar ƙirar 2003 ce, silinda huɗu, giya otomatik, na saye ta na hannu mita na nuna kilomita 212,000. Shekara biyun farko babu wani labari, juye, taya, birki, batir sau ɗaya, abin da duk mai tsohuwar mota ya sani. A shekara ta uku altaneta mai cajin batir ta mutu, shokozoba biyu na gaba suka zubar da mai, na canza ban ji komai ba don waɗannan dama kayan cinyewa ne.

Ranar da abin ya faru ina cikin cunkoso da rana tsaka, sai na ji AC ta daina sanyi, na duba gabana na ga allurar zafi ta wuce rabi tana neman ja. Saura kamar kilomita 6 in isa gida. Da hanya ta buɗe na ɗan taka sai allurar ta sauko kaɗan, na ce a raina ai ta dawo daidai, da na sake tsayawa a mahaɗa ta sake hawa, na taka ta sauko, haka muka yi ta yi har ƙofar gida, ina kashewa na ji ƙarar tafasa a gaba, tururi na fita ta gefen bonet. Na san ba a buɗe murfin lagireto da zafi, wannan kam ban yi ba. Amma na tuƙa ta kilomita 6 ɗin nan allura na taɓa ja, alhali da na faka a gefen titi na kashe na jira, da ƙila ko gaskit ɗin bai ƙone ba.

Washegari da ƙyar ta tashi, tana karkarwa, farin hayaƙi na fita ta salansa da wani wari mai zaƙi-zaƙi, da aka buɗe lagireto ruwan na ta ɓulɓulo da kumfa. Bakanike ko minti biyar bai yi ba ya ce "Yallaɓai gaskit ne." Kuma gaskiya ya faɗa, gaskit ne. To amma gaskit ai ba ya ƙonewa haka kawai, zafi ne ke ƙona shi, kuma wani abu ne ya kawo zafin. Me ya kawo zafin? Wannan ce tambayar. Ni da na gani da idona cewa in mota na tsaye allura ke hawa, in tana gudu ta sauka, ban faɗa masa ba, shi ma bai tambaye ni yadda aka yi ba. Na biya, kwana huɗu ya ba ni mota, har yake gaya min ya cire tamostat, abin da ke daidaita zagayawar ruwa a inji, wai na ƙasashen sanyi ne shi ke riƙe zafi, ya cika lagireto da ruwan famfo zalla, ni kuma na yi godiya na tafi.

Sati bakwai ta yi lafiya. Ruwa ya fara raguwa ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, kullum da safe sai na ƙara, har galan nake ajiyewa a but. Yayana ne ya gan ni ina ɗurawa ya ce "kai wannan ba gyara aka yi maka ba," ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da yake kai tasa. Shi wannan da ya jona na'urar duba inji sai ta fitar da P0302 da P0303, wato silinda ta biyu da ta uku ba sa ƙona mai daidai, kuma maƙwabtan juna ne, ya ce irin wannan yawanci gaskit ne ya fashe a tsakaninsu. Ya ɗora wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, ina kallo ruwan ya koma ruwan ɗorawa, alamar hayaƙin cikin silinda na shiga ruwan sanyaya inji. Sai ya tambaye ni "ɗana, ranar farko yaya aka yi ta yi zafi?" Na ba shi labarin tsayawa da gudu. Bai ce komai ba, ya tada motar ya bar ta a tsaye ya tsuguna yana kallon fankar lagireto. Allura ta kai rabi, ta wuce, fanka shiru. Ya buɗe akwatin fis ya ƙwanƙwasa wani ɗan baƙin abu da bayan sukudireba, nan take fanka ta ɗauka da ƙara.

Rile ne, ɗan makunnin da ke ba fanka wuta. Girmansa bai wuce kwalin ashana ba, kuma a cikin duk kayan da na taɓa saya wa motar nan kusan shi ne mafi araha. In mota na gudu iskar hanya ke sanyaya lagireto, in ta tsaya sai fanka, shi ya sa allurar ke min wannan hawa da sauka. Na tsaya a wurin na rasa abin cewa, don abin da zai nuna matsalar yana bakina tun ranar farko.

Da ya sauke kan injin ya kira ni in gani. Ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a kai ya haska tocila ta baya, sai ga haske na ratsowa ta tsakiya. Kan injin alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi, ya ce ƙa'idar irin wannan injin kada lanƙwasar ta wuce 0.05 na milimita, ko kaurin gashi ɗaya bai kai ba, nawa da ya zura ma'auni ya ninka haka kusan sau uku. Bakanike na farkon bai auna ba, ya shimfiɗa sabon gaskit a kan karkataccen ƙarfe ya ɗaure. Kuma da ya nuna min murfin bakin mai, ƙasansa ya yi wani fari-fari mai kauri, ruwa ya daɗe yana haɗuwa da mai.

A nan dattijon nan ya gaya min magana wadda na ji amma ban saurara ba. Ya ce saman injin zai iya gyarawa tsaf, amma ƙasan ba zai ɗaukar min alkawari ba, don man da ya sha ruwa ba ya riƙe metal ɗin kiranshaf, wato ƙarafan da sandar ƙasan inji ke juyawa a kansu, yadda ya kamata kuma na yi makonni ina yawo da shi a haka. Ya ce in yi tunani. Ni kuwa abin da ke kaina kawai shi ne kuɗin da na riga na kashe, altaneta sabuwa, shokozoba sababbi, taya huɗu ba su fi wata biyar ba, ga kuɗin gaskit na farko, yaya za a yi in bar duk wannan ya tafi a banza? Na ce Baba a yi kawai. Aka kai kan injin aka goge shi ya miƙe, sabon gaskit, sababbin ƙusoshin kan inji aka ɗaure su bi da bi da sifana mai awo, sabon lagireto don tsohon tsatsa ta toshe rabinsa saboda ruwan famfo, aka mayar da tamostat, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, da rile ɗin nan. Aikinsa kam babu abin cewa, allura ba ta sake motsi daga tsakiya ba.

Wata huɗu sai fitilar mai ta fara ƙyaftawa in inji ya yi zafi ina tsaye, bayan kwana kaɗan na fara jin ƙwal-ƙwal daga ƙasa in na taka. Abin da ya faɗa ne ya faru. Kuma kun san me na yi? Na sake cewa ai yanzu ne ma ba zan iya barin ta ba tunda na kashe ninkin na da. Na sayi wani injin na hannu aka ɗora, wanda babu wanda ya san kilomita nawa ya yi, sai abin da mai sayarwa ya faɗa. Injin ya yi kyau alhamdulillahi, amma ko wata uku ba a yi ba giya ta fara jinkirin shiga, inji ya yi ta ihu tsakanin ta biyu da ta uku kafin ta kama da fizga, da aka zaro sandar man giya ya yi duhu yana warin ƙuna.

Daren ranar uwargida ta ɗauko wani littafi da take rubuta duk abin da ya fita daga gidan, ta ce "Baban yara zauna mu haɗa na motar nan kaɗai." Ni a kaina kowane gyara daban nake lissafa shi, kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ya fi sayen wata mota sauƙi nesa ba kusa ba, da wannan nake lallashin kaina kowane lokaci. Da muka haɗa na wata 14 sai ga shi ya kai kuɗin da motar za ta yi a kasuwa sau ɗaya da rabi, kuma tana lafiya ake nufi. Kwanakin da ta yi a gareji 41. Ba mu ma sa kuɗin janwe sau biyu da na hayar abin hawa a kwanakin ba, ba mu sa ranar da na makara wurin aiki har aka yi min magana a gaban mutane ba, ko yadda na daina kunna AC, idona rabi a titi rabi a allura, in za a yi tafiya mai nisa da yara sai in nemo dalilin fasawa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce duk tsohuwar mota a sayar ba. Birki, batir, bel, fulogi, famfon ruwa, shokozoba, waɗannan ko wace mota ka saya za ka canza su, kuma motar da ka san tarihinta sau da yawa ta fi wadda za ka ɗauko ba ka san me aka ɓoye a cikinta ba. Tawa ma da rile aka canza a ranar farko ina da yaƙinin da har yau ina cikinta, wannan ne ma ke ƙara min takaici. Inda lissafi ke canzawa shi ne in magana ta kai ga inji, ko giya, ko tsatsa ta ci ƙashin motar. A nan abin da na koya da tsada shi ne ka ajiye kuɗin da ka riga ka kashe gefe guda, ko ka gyara ko ka sayar ba za su dawo ba, ka tambayi kanka abu biyu kawai, nawa gyaran nan zai ci, kuma bayan an gama nawa motar za ta yi in an kai ta kasuwa. In gyaran ya haura rabin kuɗinta ni dai yanzu sai na kwana biyu ina tunani kafin in amsa, kuma sai na sa bakanike ya zagaye motar ya faɗa min me yake gani zai biyo baya. Da na yi haka kafin sayen injin da an zaro sandar man giyar nan tun lokacin, don ba a wata uku mai ya yi wannan duhun ba.

Kuma don Allah duk abin da aka ce maka ya ƙone ko ya fashe, ka tambaya me ya jawo. In bakanike bai da amsa kar a kwance ko ƙusa ɗaya. Ka ba shi labarin yadda abin ya fara ko bai tambaya ba, a tsaye ne ko a guje, da safe ne ko bayan ta yi zafi, da AC ko babu, kai ne kake cikin motar ba shi ba.

Giyar ban gyara ba. Wanda ya saya na gaya masa komai, injin da aka canza, giyar da ke zamewa, har littafin na nuna masa, ya rage kuɗi sosai na karɓa don ba zan iya ɗora wa wani abin da na sha ba tare da ya sani ba. Na cika na sayi wata na hannu wadda ta fi ta ƙuruciya da shekara bakwai. Ranar dubawa da dattijon nan muka je, mai motar na ta nuna mana kujeru da fenti, ni kuwa na ce a tada ta a bar ta a tsaye, na ɗaga bonet na tsuguna a gaban lagireto. Sai da fanka ta ɗauka ta tsaya, ta sake ɗauka ta sake tsayawa, sannan na miƙe muka fara maganar kuɗi.