Kafin almakashi ya taɓa yadi: ɗinka rigar zamanin 1940 da 1950 daga tsohon fatan

Lambar da ke jikin ambulan ɗin fatan, wato takardar da ake ɗorawa a kan yadi a bi ta a yanka, ita ce ta fi yaudarar mai ɗinki. A fatan ɗin Amurka na shekarun 1940, lamba 16 na nufin ƙirji inci 34, ƙugu 28, kwankwaso 37, alhali a yau 16 ta mai jiki ce sosai. Don haka ki ajiye lambar gefe, ki ɗauki tef ki bi awon ƙirji da aka rubuta. Kuma ambulan ɗaya girma ɗaya yake ɗauke da shi, babu layukan girma daban-daban da ake zaɓa a fatan na yanzu.

Tun 1863 da Ebenezer Butterick ya fara sayar da fatan na takarda mai girma-girma, yawancinsu babu rubutu a jiki har wajen 1950. Takarda ce shara-shara, an riga an yanke ta, sai huji manya da ƙanana da 'yar tsaga a gefe. Hujin ne ke nuna tsayin zaren yadi, da inda za a ninka, da inda za a kama dat, wato ninkin da ake ɗinkewa don yadi ya bi surar jiki. Ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka takardar bayani ita ce idonki. In asalin takardar ce a hannunki, ki goge ta da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, ba tururi, ki kwafe ta a sabuwar takarda, ki mayar da tsohuwar cikin ambulan. In kuma wadda aka gyara aka sa a kwamfuta ce, ki buga ta a cikakken girmanta, ki auna ɗan murabba'in gwajin da ke shafin farko. Ya gaza ko da kaɗan, rigar duka ta gaza.

Sai rarar ɗinki, wato yadin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yanka. Fatan na yanzu yana barin 5/8 na inci, amma tsofaffi da yawa rabin inci ne ko 3/8. Ki ɗinka a 5/8 inda aka bar 3/8, a riga mai haɗi huɗu, kin cinye inci 2 cif daga faɗinta.

Inda na fi so a tsaya shi ne jikin da aka zana rigar dominsa. Matan lokacin suna sa ɗamarar matse ciki, rigar mamansu kuma tana ɗaga ƙirji sama, ta tsinana shi. Shi ya sa dat ɗin ke ƙarewa sama da inda ya kamata a jikin mace ta yau, sai yadi ya yi kumburi babu komai a ciki. Maganinsa a sauko da dat ɗin duka, bakinsa ya tsaya kamar inci 1 kafin tudun ƙirji. Kafaɗar 1940 an yanka ta da wurin soso. Ki cire soson, sai ta zube, baya ya yi tattara. Hammata ma a sama take, a matse. Kada ki yi saurin zurfafa ta, domin ita ce ke ba hannu damar ɗagawa ba tare da rigar ta biyo shi ba. Siket mai baza da Christian Dior ya fito da shi a 1947 kuwa, in babu fatari mai tauri a ƙarƙashi, kwanciya zai yi kawai.

Duk wannan a rigar gwaji ake gano shi. Ki yanka saman rigar a akoko ko wani yadi mai araha, ki yi masa ɗinkin wucin gadi, ki sa shi da kayan cikin da za ki riƙa sawa da rigar. Ki zauna, ki miƙa hannu gaba, ki sa alli a duk inda ya ja.

In fatan ɗin ya yi miki kaɗan, kada ki ƙara a gefe kawai. Daga 34 zuwa 38 inci 4 ne, wato inci 1 a rabin gaba, inci 1 a rabin baya, tunda kowanne biyu ake yankawa. Ki tsaga takardar daga sama zuwa ƙasa wuri uku, ki buɗa: kwatan inci a wuya, 3/8 a kafaɗa, 3/8 a ƙarƙashin hammata. Abin da ya wuce inci 4, gara a nemi wani girman, don wuya da kafaɗa za su ɓaci.

Yawan yadin da aka rubuta na mai faɗin inci 35 ko 39 ne, na yanzu kuwa 45 ko 60, sai ki shimfiɗa takardun ki sake lissafi. Yadin reyon yana tsukewa, a wanke shi kafin yanka. Siket da aka yanka a karkace yana saki ba daidai ba, gefe ɗaya ya fi wani tsawo, don haka ki rataye rigar kwana ɗaya ko biyu, ki sa ta, wani ya auna miki daga ƙasa da ma'auni zagaye, sannan ki yi kalmasa.