Ni da Kawu a Tafkin Michigan

Kawu ya yi mako uku a gidana a Lansing, a jihar Michigan ta Amurka, kafin ya faɗi abin da ke ransa. Mun kai shi wurin likitan ido, mun kai shi Juma'a a Dearborn, yara sun zaga da shi kantuna, ko'ina sai godiya da sa albarka. Wani dare bayan Isha muna shan shayi ya ajiye kofi ya ce, "Ɗana, kun ce ƙasar nan akwai ruwa. Ina yake?"

Wanda ya tashi a Yauri, ya kwashe shekara 30 yana jefa birgi da kafa mamari a Kainji kafin ciwon baya ya mayar da shi sayar da banda, ba a tsayar da shi bakin gaɓa a ce ya ga ruwa. Washegari na buga waya Ludington, wani gari a bakin Tafkin Michigan, na kama mana jirgin haya na kamun kifi na rabin yini, ni da shi da babban ɗana.

Tafiyar awa biyu da rabi ce a mota, ta Grand Rapids da Muskegon, sannan a miƙe arewa. Watan Agusta ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, don haka mun isa da sauran haske. Kawu ya sauka ya nufi rairayin bakin ruwa ba tare da ya jira kowa ba. Ya daɗe yana neman ɗaya gaɓar da ido. Na ce masa jihar Wisconsin ce a can, kusan kilomita 100 daga inda muke, kuma faɗin tafkin gaba ɗaya ya kai murabba'in kilomita 58,000, wato ya ninka Kainji fiye da sau 40. Bai tanka ba. Ya tsuguna ya ɗebo da tafin hannu ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce, "Babu gishiri." Ya naɗe hannun riga ya yi alwala. Muna nan Badger ya shigo, tsohon jirgin fiton da ke ƙona gawayin kwal tun 1953, yana ɗauko motoci da mutane daga Manitowoc ta Wisconsin, hayaƙinsa baƙi ƙirin.

Mun yi Asuba a kan katakon tashar jiragen, sanyi na ratsa rigunanmu kamar farkon hunturu. Kyaftin ɗin dattijo ne mai farin gashin baki, ba ya yawan magana. Yaron jirginsa ɗalibi ne da ke aikin hutu. Suka duba lasisinmu na kwana ɗaya, muka fita ta tsakanin bangayen da ke tare kaɗawar ruwa, jirage fiye da goma na biye da juna a cikin duhu, kowane da fitilarsa ja da koriya. Muka yi arewa wajen Big Sable Point, inda hasumiyar fitila ke tsaye tun 1867, inda kuma ƙasan ruwan ke gangarawa da sauri zuwa zurfi.

Da injin ya rage murya, yaron ya fara sakin zare. Kawu ya matso, ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙarafan da ke rataye ya jujjuya. Siriri ne kamar cokalin da aka buge, tsawon yatsa da rabi, an yi masa fenti mai ƙyalli a duhu, ƙugiya mai baki uku a gindinsa. Ya ce, "Tambaye shi, ina abincin?" Na tambaya. Kyaftin ya ce ai wannan ne abincin. Salmon, kifin da muka fito nema, ba ya tsintar abin da ke kwance, farauta yake yi, saboda haka jirgin ba zai tsaya ba ko na minti ɗaya. Zai yi ta tafiya a hankali, kamar kilomita 4 a awa, daidai da takun mai zuwa gona, ƙarfen kuwa yana ta wutsil-wutsil a baya kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni.

Doka ta ba kowane mutum sanda 3, mu uku ne, aka kafa 9. Abin da ya ɗauki hankalin Kawu shi ne yadda zare 9 ke bin jirgi ɗaya ba su harɗe ba. Biyu an maƙala su ne a jikin curin dalma mai nauyin kilo 5, wanda wata na'ura ke zurawa ƙasa da waya har zurfin da ake so. Idan kifi ya fizga, zaren ya kuɓuce daga maƙalin, dalmar ta tsaya wurinta. Biyu kuma suna da faifan roba mai nutsewa yana karkata gefe. Sauran an ɗaura su a wasu allunan da ke yawo a saman ruwa, suna jan zaren nesa zuwa dama da hagu, zaren kansa mai cikin dalma ne ko na tagulla don ya nutse. Kowane yana da nasa zurfin da nasa nisan.

Kyaftin bai cika kallon ruwan ba, allonsa yake kallo. A jikin wayar dalmar akwai ma'aunin zafi da ke aiko da labari daga ƙasa. Saman ruwa a ranar digiri 21 ne. Ya ce a damina irin tasu tafkin hawa-hawa yake zama, ɗumi a sama, sanyi ƙarara a ƙasa, a tsakani kuma akwai wani siririn hawa inda zafin ke faɗuwa farat ɗaya. Salmon yana son wajen digiri 11, nan ko ƙasa kaɗan. Ranar ya same shi a ƙafa 70. Iska daga gabas na iya tura ruwan ɗumin can tsakiya cikin dare ɗaya, sanyin ya taso har bakin gaɓa. Da na fassara wa Kawu sai ya gyaɗa kai. Ya ce su da ƙafa suke ji, in sun shiga gurbi suka ji sanyi ya kama idon sawu, sun san inda giwan ruwa ke kwance.

Gabas ta fara ja ke nan sandar hagu ta miƙe ta sake lanƙwashewa, yaron ya kwaɗa ihu ya miƙo mini. Ban taɓa riƙe abu mai rai da ƙarfi haka ba. Keken naɗe zaren ya dinga ƙara, zare na fita, ni kuwa tsoro ya kama ni kada ya ƙare, na danne shi da babban yatsa. Nan take komai ya saki. Na naɗo zare babu ƙarfe babu kifi. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin kifin zai tafi da ƙugiya a baki saboda gaggawata.

Ba a yi minti goma ba ta tsakiya ta kama. Wannan karon Kawu aka ba. Yaron ya fara yi masa bayani da hannu, Kawu ya ɗaga masa kai alamar ya gane. Ya kafa gindin sandar a cikinsa, ya buɗe ƙafa, ya bar kifin ya gudu. Ma'aunin keken ya nuna ƙafa 200, ya nuna 300, bai motsa ba. Da gudun ya tsaya sai ya ɗaga sandar a hankali, ya sauke yana naɗewa, ya sake ɗagawa. Kifin ya sake ɗiba a guje, ya sake ƙyale shi. Ina jin sa yana magana ƙasa-ƙasa, "Je ka, je ka, ina nan." Na so in karɓe shi saboda bayansa, na ce, "Kawu, ko in taimaka?" Ya ce, "Bari, ɗana." Minti 25 aka yi kafin wani abu fari sol kamar azurfa ya bayyana a bayan jirgin, yaron ya zura homa mai dogon hannu ya ɗago.

Nau'in da ake kira Cinuk ne, su kuma a can sarki suke ce masa. Kilo 9. Bayansa shuɗi-shuɗi da ɗige-ɗige baƙaƙe har wutsiya, dasashinsa baƙi. Kyaftin ya ce a wannan ruwan na Ludington ne aka kama Cinuk mafi girma a tarihin jihar, a Agustan 2021, kusan kilo 22. Kawu ya zauna kan akwatin ƙanƙara yana haki, hannunsa na rawa, ya ce alhamdu lillahi sau uku. Ɗana ya kama ƙarami bayan nan, ni ma na samu ɗaya mai tabo zagayayye a gefe, inda wani kifi mai kama da maciji da bakin tsotso ya taɓa maƙale masa.

Da rana ta ɗaga sai kamun ya tsaya cak. Yaron ya canza ƙarafa zuwa masu launin rana, ya sake zura dalma. Kawu ya leƙa yana bin ta da ido tana sauka, tana sauka, har yanzu ana ganinta. Shekara da shekaru ina kawo baƙi bakin tafkin nan ina nuna musu wannan hasken ruwan da alfahari, kamar ni na tace shi. Na ce, "Kawu, ka ga tsabta?" Ya ɗago ya ce, "Ruwan nan ba shi da abinci."

Na fassara don kawai kada a bar kyaftin a duhu. Sai mutumin ya ba yaron sitiyari ya juyo gaba ɗaya, ya ce in tambayi dattijon yadda ya sani. Kawu ya ce ruwan da ke ciyar da kifi kore-kore yake, ko ja-ja bayan ambaliya. In kana ganin ƙafarka a ruwa har ƙugu, ƙananan kifi ba su da abin ci, in kuwa ƙanana ba su ci ba, manya ba su daɗewa.

Daga nan bakin kyaftin ya buɗe. Salmon ɗin nan, in ji shi, ba ɗan tafkin ba ne, asalinsa gaɓar Tekun Fasifik. Babban kifin tafkin na asali ya kusa ƙarewa tun shekarun 1950, tsakanin yawan kamu da wancan mai bakin tsotso da ya shigo ta hanyoyin ruwan da aka haƙa wa jirage. Ta wannan hanyar wani ƙaramin kifin Atlantika mai suna alwaif ya shigo, ya tarar babu mai cinsa, ya cika tafkin. A 1967 ya mutu da yawan da sai da aka sa katafila ta kwashe shi daga bakin ruwan Chicago, wari ya kori mutane. Howard Tanner, wanda ya shugabanci sashen kifi na jihar Michigan, shi ya kawo shawarar a ɗauko mafarauci. Aka samo ƙwai daga Oregon, a watan Afrilun 1966 aka saki 'ya'yan nau'in koho a kogin Platte, a 1967 aka ƙara da Cinuk. Mahaifin kyaftin yana cikin waɗanda suka ruga da ƙananan jirage a kakar 1967, lokacin da guguwa ta kifar da jirage masu yawa a gaɓar Platte aka yi asarar rayuka.

Kawu ya sa na maimaita masa shekarun. Ya ce a 1968 yana saurayi aka rufe dam ɗin Kainji, ya ga ruwa ya haɗiye gonaki da tsohon garin Bussa, ya kuma ga kifi ya yi yawan da aka ɗauka ba zai taɓa raguwa ba. Ya ce, "Ashe kifinku da namu tare aka haife su." Kyaftin ya yi shiru da na faɗa masa.

Hasken ruwan kuwa aikin wasu ƙananan halittu ne masu ɓawo, dangin ƙumba, da suka zo cikin ruwan da manyan jirage ke ɗauka daga Turai don daidaita nauyi. An fara ganinsu a yankin wajen 1988. Yanzu sun shimfiɗe ƙasan tafkin, suna tace ruwa dare da rana, suna cinye abin da 'ya'yan alwaif ya kamata su ci. A Tafkin Huron da ke maƙwabtaka, alwaif ya rushe wajen 2003 zuwa 2004, salmon ya bi shi, masu jirage irinsa da dama suka sayar ko suka taso nan. A 2013 jihohin da ke kewaye da Tafkin Michigan suka rage yawan Cinuk da ake saki da kusan rabi. Ya ce a lokacin ya yi faɗa da shawarar a taro, yana ganin za a kashe masa sana'a, amma yau da zai ga waɗanda suka yanke ta sai ya ba su hannu. Ban taɓa jin mai kamun kifi ya gode wa wanda ya rage masa kifi ba, kuma na yarda da shi har zuciya.

Ƙarfe sha ɗaya muka juya da kifi 4. A rumfar gyaran kifi da ke tashar, yaron ya fere tsokar, ja kamar manja, ya cire fata da kitsen ciki, domin hukumar lafiya ta jihar tana ba da shawarar haka saboda gubar tsofaffin masana'antu da ke taruwa a kitse. Ya kama kawunan zai jefa a shara, Kawu ya riƙe masa hannu. Tun a jirgi yake maganar farfesu.

Wata matashiya mai rigar ma'aikatan kifi ta iso da allon rubutu da wani sanda a hannu. Ta duba bayan kifin Kawu ta nuna mana inda ɗan ƙaramin fiffiken da ke kusa da wutsiya ya kamata ya kasance, babu shi. An yanke shi tun kifin bai wuce yatsa ba, alamar a gidan ƙyanƙyasa aka haife shi. Sauran ukun nasu na nan, a kogunan yankin iyayensu suka zuba ƙwai suka mutu, kamar yadda kowane Cinuk ke yi bayan shekara uku ko huɗu. Ta goga sandan a hancin kifin ya yi ƙara. Ta ce akwai wata 'yar waya a ciki, tsawonta milimita ɗaya, da lambar da ke nuna shekarar da aka sake shi da kogin da aka sake shi. Da irin waɗannan lambobin ake ƙidayar da ake yanke shawarar nawa za a saki baɗi. Ta nemi a ba ta kan, in mun yarda.

Shi ne mafi girma a cikin kawunan, kuma nasa ne. Na fassara masa kalma-kalma, ban ƙara ban rage ba. Ya dubi kan, ya dubi yarinyar, ya ce, "Tambaye ta, in sun karanta, za su faɗa mini kogin?" Ta ce in an bar adireshi ana aiko da takarda. Kawu ya ɗauki kan da hannu biyu ya sa mata a leda, ya ce da ni, "Rubuta naka. In ta zo ka kira ni." Sauran ukun ya naɗe su da kansa ya tura ƙarƙashin ƙanƙara.