Ruwan Yuni da kalmar da ta haɗa mu

Shekara uku ke nan ina aiki a shagon wani ɗan Sin a unguwar Okaishie, kusa da kasuwar Makola a birnin Akara, inda muke sayar da takalma a sari. Bana ƙanin matarsa ya iso Akara, saurayi mai kunya, kullum kansa na kan waya yana koyon Turanci. Malam yake ce mini, duk da ban girme shi da yawa ba.

Ranar wata Talata a watan Yuni ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. 'Yan matan kayaye, wato masu dako, waɗanda suka taho daga arewa neman na abinci, suka ruga ƙarƙashin rumfar shagonmu, suka kife kwanukansu na silba, suka dunƙule wuri ɗaya, wata ta rungume goyonta a ƙirji don kada sanyi ya kama shi. Sai saurayin ya miƙo mini wayar. Darasin ranar shi ne huddle up. Ya gane huddle, amma up ɗin ya hana shi sakat, har ya ɗaga kai yana kallon sama.

Na ce masa, ka dubi waɗannan yara. Babu wanda ya hau sama. Sun matsu ne, jiki da jiki, kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kaza. Haka ma 'yan ƙwallo idan suka haɗa kai a tsakiyar fili kafin a busa usur. Amma in mai sayar da magani ya buɗe lasifika a shataletalen Circle mutane suka yi masa ca, wannan crowd around ne, domin akwai abin da aka zagaye ana kallo.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai ya zo bayan haka. Na ce a Hausa muna cewa matsa, muna kuma cewa matso, wasali ɗaya ne ya juyo da mutum wajenka. Sai idonsa ya buɗe. Ashe su ma haka suke: suna liƙa lai, wato zo, a bayan aikatau, sai motsin ya nufo mai magana, in kuma suka sa qu, wato tafi, ya yi nesa. Ke nan harshensa ya riga ya san wannan dabara, littafin ne bai faɗa masa ba. Ni a ganina kuskure ne a sa ɗalibi ya haddace irin waɗannan kalmomi a jere ba tare da an nuna masa abin da yake da shi a bakinsa ba.

Da ruwan ya ƙi tsagaitawa, ya shiga ciki ya ɗauko kwalayen da muka kwashe takalma, ya shimfiɗa wa 'yan matan su zauna. Ya dube ni, ya ce, "Malam, matso."