Yadda Ƙwayoyin Benzin Biyu Suke Riƙe Juna

A makon nan ni da ɗalibaina mun sa kwamfuta ta lissafa mana yadda ƙwayoyin sinadarin benzin guda biyu suke zama kusa da juna, kuma sakamakon ya ba yawancinsu mamaki. Kowace ƙwayar benzin tana da siffar zobe, don haka sun ɗauka zobban biyu za su kife a kan juna daidai wa daida, kamar faifai a kan faifai, alhali wannan zaman ya fi sauran rauni, domin ilektiron da suka lulluɓe fuskar kowane zobe suna ture juna. Riƙon ya fi ƙarfi idan zobe ɗaya ya ɗan goce gefe, ko kuma ya tsaya a tsaye ya miƙa haidirojin ɗinsa zuwa tsakiyar ɗayan, a siffar harafin T. Ƙarfin bai wuce kilokalori 2 zuwa 3 a kowane mol (ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari) ba, kuma yawancinsa daga jan da ke tsakanin ƙwayoyi, wanda masanin kimiyya Fritz London ya bayyana a 1930, yake fitowa. Ni dai ban raina ƙanƙantarsa ba, tunda irinsa ne ke riƙe shimfiɗun girafayit na bakin fensir a tazarar nanomita 0.335 (nanomita ita ce kashi ɗaya cikin biliyan na mita), kuma saboda rauninsa suke zamewa su bar rubutu a takarda.